Gidan Al Quoz da Labulen Inna

Hor Al Anz, Dubai,
Asabar, bayan la'asar.

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan naki, ina kuma yi miki sannu da nauyin jiki. Allah ya raba ku lafiya, ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya sa sabon wurin da za ki koma ya karɓe ki da alheri. Abbanki ma yana gaisuwa. Ga shi can a tsakiyar kwalaye yana ɗaure kayanmu da za a saka a kago, wato jirgin ɗaukar kaya, mutumin da ya haura shekara ashirin da bakwai yana ɗaure na wasu. Saura mako uku mu tashi zuwa Kano in Allah ya yarda, tunda aiki ya ƙare, biza kuwa ba ruwanta da daɗewar mutum a gari.

Na san za ki yi dariya ki ce wace irin takarda ce tsakanin mutanen da hawa biyu kawai ya raba a bene ɗaya. Ki yi dariyarki. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci, saboda haka kunya biyu ce take ɗaure min baki a gabanki. Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, balle in zaunar da ke in faɗa miki abin da na aikata. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na zaɓe ta. Ranar Litinin za ku sa hannu a kan gidan nan na Al Quoz, ina so ki karanta wannan kafin ranar.

Jiya da kuka kai mu ganin gidan, tun a mota Abbanki ya gane layin. Duk manyan sito ne a da, a ɗaya daga cikinsu ya fara aiki yana saurayi, yana rubuta lambar kwalaye cikin zafin da ko kare ba ya fitowa. Yanzu an wanke su, an sa musu gilashi, an jera 'yan itatuwa a tukwane a bakin ƙofa, an kafa allo cewa na sayarwa ne, wai kuma sunansu lof. Dillalin, wani Balarabe mai gyararren gemu da ya sha turare kamar da shi ya yi wanka, ya riƙa zagayawa da mu yana nuna bango ba filasta ba fenti, da baƙaƙen bututu a fili a saman kai, da ƙugiyar ɗaga kaya da aka goge aka bari a rataye. Kin fassara min cewa duk ado ne, kuma su ne ma suka sa gidan ya yi tsada. Na ce a raina, ikon Allah, abin da muka shekara muna rufewa da kalanda da ledar bango shi ne yau ake saye da kuɗi.

Da na fara hawa matakalar ƙarfen nan zuwa inda gado yake, sai dillalin ya ce, “Shuwayya shuwayya, mama,” wato in bi a hankali. Gwiwata ta tsayar da ni a mataki na biyar. Daga ƙasa Abbanki ya ɗaga kai ya dubi benen da ba bango, sai ɗan shingen gilashi, ya ce a hankali, “A irin nan leburori suke kwana a da, da fanka ɗaya.” Ba wanda ya ji shi sai ni. Na sauko na ƙirga ƙofofin gidan. Ta shigowa, da ta banɗaki, shi ke nan. Falo da kicin da wurin kwana duk ɗaki ɗaya ne, wanda yake sama yana kallon wanda yake ƙasa, na ƙasa yana jin numfashin na sama.

Ina cikin wannan lissafi kika dafa ni kika ce, “Mama, in kin zo wanka akwai wani otal mai kyau, minti biyar a mota. Mun duba, har da ɗan kicin a ɗakin. Khalas, an gama da wannan matsalar.”

Na ce ma sha Allah, ya yi. Na juya ina kallon taga don kada ki ga fuskata. Ummi, wannan maganar tawa ce. Ni na fara faɗar ta kafin ki zo duniya, kuma mahaifiyata na faɗa wa. Abin da ya biyo baya shi ne zan ba ki labari, domin wanda kika sani ba gaskiya ba ne.

Lokacin da Abbanki ya ɗauko ni daga Kano ina amarya, falo muka samu a nan Hor Al Anz, a wani tsohon bene da aka rushe tuni. Fulat ne mai ɗaki ɗaya. Ɗakin na Hajiya Rakiya ne da mijinta, mutanen Damagaram masu sarin takalma, mu kuma muka karɓi falon. Da yake ta falon ake bi a shiga kicin, sai na je kasuwa na yanko yadi shida na wani ƙyalle mai kauri, mai ruwan ƙasa da korayen furanni, Abbanki ya ja waya daga bango zuwa bango muka rataya. Bayan labulen nan shi ne gidana: katifa a ƙasa, akwati biyu, da kwanukan da na zo da su. Ko kalmashe bakinsa ban yi ba, don na ce ai baɗi za mu tashi.

Kuskurena na farko hoto ne. Wata rana muka wuce wani shagon sayar da kujeru a Deira, na ga wasu masu ruwan zinariya da labulaye har ƙasa da fitila mai kamar an zuba ƙanƙara. Na roƙi mai shagon ya bar ni na zauna, na gyara ɗaurin ɗankwalina, na harɗe ƙafa, aka ɗauke ni. Da aka wanke hoton na ba wata 'yar kasuwa ta kai wa Inna. Ban rubuta cewa falona ne ba, amma ban rubuta cewa ba shi ba ne, kuma na san abin da za a ɗauka. Inna ta sa aka yi masa gilashi ta rataye shi a saman jerenta. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, ana cewa 'yar Inna ta huta, ta shiga daula. Na ji daɗin wannan labari da ya dawo kunnena, daɗi sosai, ban san igiya na ɗaura wa wuyana ba.

Jiya na lura kin ɗauki hoto a gaban babbar tagar nan ya fi sau ashirin, amma ban ji kin tambayi inda za ki shanya zanen jariri ba. Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau, kuma ke naki gaskiya ne, guminku ne ke da mijinki, ba shagon wani ba. Sai dai ki sani gida ba don ranar da aka share aka kunna turare ake sayensa ba. Ki tsaya a tsakiyarsa ki tambayi kanki: in mun saɓa da maigida ga baƙo a falo, ina za mu shiga mu yi magana? In kuka ya zo min ba na so a gani, ina zan juya? In wani nawa ya sauka ba zato, ina zan shimfiɗa masa? Gidan da ya amsa waɗannan ya fi wanda ya yi kyau a waya.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma na farkon ne ya haife shi. Da cikinki ya tsufa, bisa al'ada gida ya kamata in koma in haihu a gaban Inna ta yi min wanka. Takarduna ba su ba da dama ba, sai Inna ta aiko cewa ita za ta zo. Matar da ba ta taɓa shiga jirgi ba, ko Makka ba ta je ba tukuna. Ranar da saƙon ya iso, maimakon murna sai na zauna ina kallon labule ina tuna hoto.

Abbanki ya ga halin da nake ciki ya ce, “Ki bar Inna ta kwana da ke a nan bayan labule. Ni sai in koma saman sito wajen leburori har ku yi arba'in. Ba wani abu ba ne.”

Na ce, “So kake a koma Kano a ce a bayan labule nake kwana a falon mutane?”

Ya ce, “Uwarki ce fa.”

Na ce ai shi ya sa. Kin san shi da gudun rigima. Ya je Al Ras ya kama mata gado a wani masaukin mata 'yan kasuwa, a saman shagunan masu kayan yaji, ɗaki mai gado huɗu da kwalayen kaya har rufi.

Inna ta sauka da buhu a ɗaure da tsumma: surfaffen gero, kanwa, yaji, daddawa, busasshen ganyen runhu, har da ludayinta da 'yar ƙwarya. Tun a filin jirgi, kafin ta gama yi min sannu, na ce, “Inna, gidan ana gyara shi, ƙura da warin fenti ba za su yi miki daɗi ba. Mun kama miki masauki mai kyau, ba nisa.” Ta dube ni, ta dubi cikina, ta ce to, Allah ya sa a gama lafiya.

Bayan kwana huɗu na haife ki. Daga nan sai aka shiga wani aikin da ko mahaukaci ba zai tsara ba. Kullum da sassafe Abbanki ya sa ni a tasi da ke a hannu, ɗanyen jego, mu tafi Al Ras. Inna ta tara ruwan zafi a bokiti a wani ɗan matsattsen banɗaki da mata takwas suke layi a kansa, ta jiƙa ganye ta fyaɗa min, ta gasa miki cibi, ta dama kunun kanwa a ɓoye a kan ɗan risho don mai masaukin ya hana girki. Kullum sai ya hau yana faɗa da Larabci cewa ganye ya toshe masa magudana, Inna ba ta jin abin da yake cewa, sai dai ta yi ta ba shi haƙuri da hannu. Da yamma in naɗe ki in koma. Ta raka ni har bakin matakala ta ce, “Fentin bai bushe ba har yanzu?” In ce, “Saura kaɗan, Inna.” Ko ranar suna, da aka zo aka gaya mata an yi mata takwara, a bakin wannan gadon haya ta karɓi albishir.

A rana ta goma sha biyu zazzaɓi ya kwantar da ni, ko ɗaga kai ban iya ba. Hajiya Rakiya ta ce bari ta je ta sanar da Inna kada ta yi ta jira. Kafin hantsi sai na ji sallama da muryar da na sani. Hajiya Rakiya ta leƙo ta ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, “Bon, ni dai na ɗauko ta. Uwa ce, ba baƙuwa ba. In za ki yi fushi ki yi da ni.”

Inna ta ɗaga labule ta shigo. Ta dubi katifa, ta dubi akwatuna, ta dubi bangon da ba a taɓa shafa masa fenti ba tun da aka gina shi. Ba ta tambayi kujerun zinariya ba. Ta ajiye buhunta, ta shiga kicin ɗin mutane kamar ta shekara a cikinsa, ta dafa ruwa ta yi min wanka, ta yi miki, ta ba ni kunu da ludayinta har na yi gumi. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta kamo bakin labulen da ya fara zarewa, ta ce a ba ta allura da zare. Ta yi ta kalmasa, ni kuma na rufe ido kamar mai barci, alhali kowane shigar allura ina jin sa.

Da aka kira azahar ta kai rabi. Ta soke allurar a jikin yadin ta ce, “A ɗakin ƙasa ɗaya na haife ku ku bakwai, da asabari a ƙofa. Ban san akwai abin da 'yata za ta ga ya fi ƙarfin idona ba. Ashe ni baƙuwa ce.” Ta miƙe ta gyara mayafinta ta ce, “Ki gaya wa maigidanki ya matso min da ranar tafiya.”

Ummi, a wannan lokacin kalma ɗaya ta isa. Da na kama ƙafarta na ce Inna ki yafe min, ki zauna, da ta zauna, na san ta. Amma kunya ta juye min ta zama taurin kai, na ce, “To, Inna.” Da yamma Abbanki ya je Al Ras ya tsuguna a bayan ƙofar ɗakin, tunda ba ya iya haɗa ido da ita, ya yi ta roƙo cewa shi zai bar gidan a daren. Ta ce masa Allah ya yi masa albarka, ba shi ya kore ta ba. Bayan kwana uku ta tafi. Hajiya Rakiya ce ta ƙarasa min wanka, da ganyen da Inna ta bari. Ke kuma da kika girma na ce miki sanyin esi ne bai karɓe ta ba.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Akwai mutanen da ake kai wa masauki mai kyau a ce an girmama su, akwai kuma waɗanda in ka kai su can ka kore su ne, ko da gadon na alharini ne. Uwa tana cikin na biyun. Wanda ya wanke maka kashi ba ya buƙatar ka share masa gida kafin ya shigo. Na san ke ba ɓoye min komai kike yi ba, ke gani kike hutu za ki ba ni, ga esi ga mai gyara gado. Ni ma haka na gaya wa kaina a lokacin. Amma mai jego ba da rana kawai take buƙatar uwa ba, kuma uwa ba don ta huta take baro garinsu ba.

Kuma kada ki yanke wa mijinki hukunci kafin ki tambaye shi. Ni na raina tayin Abbanki, na zaɓi ƙarya a kan alherin da ya miƙo min da hannu biyu. Naki ma ɗan mutunci ne, na ga yadda ya riƙa sunkuyar da kai jiya duk lokacin da na juyo. Ya san ba zan iya kwanciya a fili babu mayafi, shi kuma yana saukowa daga sama yana wuce ni ba, ya san ko abinci ba zan iya ci yana kallo ba. Wataƙila shi ma abin yana damunsa, yana jira ne ki fara magana.

Kuskure na uku ya fi daɗewa, don shi shekara uku na yi ina tafka shi. Maimakon in buɗe baki in nemi gafara, sai na koma aike. Duk 'yar kasuwar da za ta Kano sai na ba ta saƙo: 'yan kunnen zinariya, abaya, bargo, turaren wuta, agogo. In aka haɗa mu a waya mu gaisa, ta tambayi takwararta, ta sa albarka, in ce kin ga saƙo, ta ce ta gani, an gode. Ban taɓa ambatar labule ba, ita ma ba ta taɓa ba. Na ɗauka kaya suna magana a madadina, kuma ina cewa in na je gida baɗi zan durƙusa a gabanta. Kina shekara uku aka bugo cewa ta kwanta ciwon kwana biyu, Allah ya karɓi abarsa.

Da na isa an riga an kai ta. Yayyena suka buɗe akwatinta don rabo, sai ga kayana duka a jere, kowanne a ledarsa, ko ƙullin ba ta kwance ba. Na ɗaga kai kuma na ga hoton nan yana nan a saman jere, an goge gilashinsa tas. Matan da suka zo gaisuwa suna nuna shi suna cewa ai da ta dawo ta ba su labari, ta ce gidan ya fi hoton kyau. Ta rufa min asiri har ta shiga kabari. A nan ne na yi kukan da ban yi a gaban makara ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Saboda haka in kin ɓata wa mutum, ki je da bakinki tun yana da kunnen ji. Kyauta tana da daɗi bayan an shirya, amma kafin a shirya nauyi ce kawai a akwatin wanda aka ba. Kada kuma ki yarda da baɗi. Ni da Abbanki baɗi ta cinye mana shekara ashirin da bakwai, kullum muna shirin tashi, ko ƙusa ba mu kafa da niyyar zama ba. Don haka ban ce kada ku sayi gida ba. Ku saya, ku kafa ƙusa, ku zauna kamar mutane. Na fi kowa son ganin ɗaya daga cikinmu yana da ƙofar da zai ce tasa ce a garin nan.

Jiya ma na kusa ƙara kuskure na huɗu, da na ce miki ya yi alhali bai yi ba. Ɗan abin da na iya shi ne, da kuka shiga duba banɗaki na sa Abbanki ya tambayi dillalin ko ana iya tayar da bango a yanki ɗaya. Dillalin ya dube ni ya yi dariya ya kaɗa yatsa ya ce, “La, la, mama, mamnu'u,” wai dokar ginin ta hana, bango zai ɓata tsarin. To, na ji. Amma ban ji ya ce an hana labule ba. A ƙarƙashin benen da gadonku yake, ɓangaren da ke kusa da banɗaki, akwai wani ƙarfe da ya ratsa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Na auna shi da taku ina yi kamar kallon ƙasa nake. Katifa ɗaya za ta shiga, da wurin sallaya, da ɗan inda za a ajiye bokiti. Yadi shida zai rufe shi har ya yi saura.

Na san likitarki ta ce ban da tafasasshen ruwa, ban da kanwa mai yawa. Na ji, zan surka, zan rage. Dama ba ruwan ne abin ba. So nake in kika farka jariri yana kuka jikinki ya ƙi tashi, ki ce Mama, ki ji an amsa daga bayan yadi, ba daga minti biyar a mota ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ban san ko zan samu dawowa ba. Kin ga yadda jirage suke tsayawa su tashi tun da annobar nan ta shigo, kin ga yadda biza take wuya ga masu irin fasfonmu, ga gwiwa tana ƙara gaba kullum. Saura wata huɗu ki sauka, kuma mai yiwuwa ne ranar ta zo ina zaune a tsakar gida a Kano da waya a hannu, wata ce daban take riƙe da ke. In haka Allah ya rubuta, to. Amma akwai bambanci tsakanin uwar da hanya ta hana zuwa da wadda ba a ajiye wa wuri ba. Na ga fuskar ta biyun da idona, ba na so ki gan ta a tawa.

Ledar da wannan takarda take ciki, ki buɗe ta a hankali, yadin ya tsufa. Shi ne labulen. Sau huɗu muna canza gida yana ƙasan akwatina, da allurar Inna a soke inda ta bar ta, ta yi tsatsa har ta ɓata wurin. Yau da safe na zare ta na ƙarasa kalmasar. Za ki gane inda nata ya tsaya nawa ya fara, nata ƙanana ne a jere kamar haƙoran mataji, nawa kuwa duk sun karkace, don ido ba ya gani sosai. Na san bai dace da gilashi da baƙin ƙarfen gidanku ba, ƙawayenki za su gani su ce wannan tsohon yayi fa daga ina. Ki ce musu na kakarki ne.

In kun sa hannu kun tare, kika ga zai yiwu, ki rataya shi ki ɗauki hotonsa ki turo min, ranar zan fara neman biza. In kuma kin ga ba zai yiwu ba, ba zan yi fushi ba, ba ni da bakin yin fushi a kan wannan. Sai dai kada ki jefar, kada kuma ki aiko min da zinariya a madadinsa. Ki sauko hawa biyun nan kafin Abbanki ya rufe kwali na ƙarshe, ki miƙo min shi da hannunki, ki faɗa min da bakinki.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe min abin da ban roƙe ta ba. Allah ya tsare ki da mijinki da abin da ke cikinki, ya kare ku daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani, ya sa gidan ya zama na zaman lafiya ko da bango ko babu. Ya kai mu gida lafiya, ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce,
Mamanki.